Tauraro Mai Wutsiya Ba Ya Ɗaukar Alkawari

A tsakiyar watan Oktoban 2024, wanda ya fito bayan sallar magariba ya dubi yamma, in gari ya yi garau, ya ga wani farin tabo yana jan dogon haske. Sunansa Tsuchinshan-ATLAS, don wata cibiyar nazarin taurari mai suna Tsuchinshan a ƙasar Sin ce ta fara hango shi a Janairun 2023, na'urar ATLAS da ke Afirka ta Kudu kuma ta sake cin karo da shi a Fabrairu. Ranar 12 ga Oktoba ya fi matsowa kusa da duniya, tazarar kilomita miliyan 71 ko kusa da haka. Abin dariyar shi ne, wata uku kafin nan wani gogaggen masani ya riga ya rubuta cewa baƙon ya fara farfashewa, da wuya ya iso. Sai ga shi ya iso, har ana ɗaukar hotonsa da wayar hannu.

Halin waɗannan abubuwa ke nan. Hanyar da za su bi, masana sun san ta sarai. Hasken da za su yi kuwa, sai an gani.

Dalilin yana cikin jikinsu. Abin da muke hange curi ne na ƙanƙara da ƙura da duwatsu, galibi faɗinsa bai wuce 'yan kilomitoci ba, kuma ba shi da hasken kansa. Idan ya matso kusa da rana, ƙanƙarar ba ta narkewa ta zama ruwa, tururi take zama kai tsaye, ta fito da ƙura. Hasken rana da iskar da ke fesowa daga gare ta su kora wannan tururi da ƙura baya, shi ne wutsiyar. Saboda haka kullum wutsiyar tana juya wa rana baya, kamar hayaƙin murhu da iska ke nuna wa inda zai bi. Idan tauraron ya kama hanyar komawa, wutsiyar ce a gaba. To, nawa ne ƙanƙarar, yaya ƙarfin curin, zai jure zafi ko zai ruguje? Daga nesa ba mai iya rantsewa.

Lissafin hanya kam an daɗe da ƙwarewa a kai. A 1705 Edmond Halley na Ingila ya lura cewa taurarin da aka gani a 1531 da 1607 da 1682 ɗaya ne ke dawowa, ya ce a saurare shi wajen 1758. Ya rasu a 1742, tauraron kuma ya zo a kan lokaci. Zuwansa na ƙarshe 1986 ne, na gaba 2061.

Amma a tambayi waɗanda suka jira tauraron Kohoutek a 1973. Jaridu sun yi ta kururuwa cewa ba a taɓa ganin irinsa ba a ƙarnin, ya zo a dushe, mutane suka koma ɗaki da ciwon wuya. A 2013 aka sake yin wannan zuzutawa a kan ISON. Ranar 28 ga Nuwamba ya ratsa dab da rana, abin da ya fito ta ɗaya gefen ƙura ce kawai. Hale-Bopp kuwa ya biya bashin kowa: ya kai kusan wata 18 ana ganinsa ba tare da na'ura ba, kuma masu shekaru a cikinmu ba su manta da shi a sararin bazarar 1997 ba. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka gano shi a 1995, Thomas Bopp, ko madubin hangen nesa na kansa ba shi da shi, na abokinsa ya leƙa.

Idan tauraron bai ba da dariya ba, mutane za su bayar. Mu nan an taso ana jin dattawa na cewa fitowarsa alama ce ta yaƙi ko rasuwar wani babba, kuma kada wani ya ɗauka Turawa sun fi mu natsuwa. A 1910, da aka ji cewa akwai iska mai guba a wutsiyar tauraron Halley kuma duniya za ta ratsa ta cikinta a watan Mayu, wasu suka toshe ƙofofi da tagogi, 'yan damfara kuma suka fito da ƙwayoyin "maganin tauraro" suna cin kasuwa. Gari ya waye, ko tari ba wanda ya yi a dalilinsa. A 2005 kuma, bayan hukumar NASA ta Amurka ta jefi tauraro mai wutsiya Tempel 1 da wani ƙarfe mai nauyin kilo 370 don a ga abin da ke cikinsa, wata mai duba a Rasha ta kai ƙara kotun Moscow tana neman diyyar dala miliyan 300, wai an dagula mata lissafin taurari. Kotu ta yi watsi da ƙarar.

Ni dai labarin Philae ya fi burge ni. Kumbon Rosetta na Turai ya tashi a 2004, ya shekara 10 a hanya kafin ya cim ma tauraron da ake kira 67P, wanda masana da kansu suka ce siffarsa ta agwagwar roba ce. Ranar 12 ga Nuwamban 2014 ya saki Philae, ƙaramar na'ura mai nauyin kilo 100, don ta sauka. Ƙugiyoyin da za su kafe ta suka ƙi harbawa. Da yake jan ƙasar wurin ba shi da ƙarfi, sai ta yi tsalle, ta yi kusan awa biyu a sama kafin ta sake taɓa ƙasa, ta ƙare a gicciye cikin wani lungu da rana ba ta cika shiga ba. Ta yi aikin kwana biyu da rabi, batir ya ƙare. Sai a Satumban 2016 aka hango ta a hoto, ƙafa ɗaya a sama. Rosetta kuma ya shinshina mana tururin wurin: akwai sinadaran da ke ba ruɓaɓɓen ƙwai da bargar doki warinsu.

Idan aka yi shelar wani sabo, a bar tsakiyar gari da fitilunsa, a nemi fili inda ake ganin gindin sama, yamma bayan magariba ko gabas kafin asuba, gwargwadon yadda aka sanar. A ba ido kamar minti 20 ya saba da duhu, a ajiye waya a aljihu. Farin wata da hazon hunturu su ne manyan masu ɓata kallo, kuma kyamarar waya takan kama wutsiyar da ido bai gani ba.