Akori-kurar Kasuwan Magani: A Saya Ko A Haƙura?

Ran Lahadin da ta wuce wani ɗan'uwanmu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta nan Ikko ya tare ni bayan sallar La'asar, ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton wata mota. Peugeot 404 ce, akori-kura, watau irin mai buɗaɗɗen bayan nan da iyayenmu ke kira Fijo. Tana tsugune a gindin wani mangwaro, tayoyi biyu sun sace, na uku babu shi sam, an tokare wurin da bulo. Ya ce motar tana garinsu, Kasuwan Magani, ƙanensa ne ya aiko da hoton. Ta mahaifinsu ce, Allah ya ji ƙansa. A bayanta ya fara koyon ƙidayar buhu tun bai kai ya ɗaga ko ɗaya ba. An sayar da ita yana saurayi domin a biya wani bashi, ta yi ta canza hannu, yanzu ga ta ta komo garin, mai ita kuwa ya gaji da ganinta a ƙofar gida. 'Yan gwangwan sun riga sun taya, za su yanka ta su auna a kilo. An ba ɗan'uwan namu zuwa ƙarshen wata ya faɗi matsayinsa.

Kuɗin da aka sa mata bai kai na sabon babur ba, yana kuwa da su. Amma fa kuɗin adashi ne na shekara uku, waɗanda ya yi niyyar ya rufa ɗakuna biyu da ya ɗora wa mahaifiyarsa kafin ruwa ya sauka. Ya dube ni ya ce, "Malam, in saya ko in haƙura?"

Na kawo zancen wannan shafi ne domin ba shi kaɗai ba ne. A Agege, da Idi-Araba, da Sabo ta Badun, da Shagamu, har Fatakwal, da wuya ka sami ɗan Arewan da ya tara ɗan abin hannu ba a taɓa bugo masa waya an ce ga wata gingimari, ko tarakta, ko injin niƙa yana kwance a gida ba. Mutumin Yawuri ma akan yi masa tayin tsohon jirgin ruwa. Kullum kuwa maganar ɗaya ce: ɗan gyara kaɗan yake so. Wannan ɗan gyara kaɗan ya ci kuɗin mazauna Kurmi fiye da yadda mai karatu zai zata.

Bari dai mu fara ba motar haƙƙinta, gama ba ƙaramar mota ba ce a zamaninta. A 1960 kamfanin Peugeot ya fito da 404 a Faransa, mai buɗaɗɗen bayan kuwa ta biyo a 1967. A tseren motoci na Safari da ake yi a Gabashin Afirka, inda hanya ke karya kowace irin mota, 404 ta zo ta ɗaya a 1963, ta sake zuwa a 1966 da 1967 da 1968. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, har ta kai ana ɗauko kayan motocin a jirgin sama daga birnin Lyon a sauke a Kano, a kwaso su zuwa Kaduna. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 404 a wannan shekara ta 1975, a 1979 kuma akori-kura 504 ta fito ta gaje ta, amma a Kenya an ci gaba da harhaɗa 404 ɗin har 1991. Duk wanda ya tashi a kudancin Kaduna a waɗancan shekaru ya san ta: giya a jikin sitiyari, tamfol a baya, kaya har sun ɗara kan direba, fasinja kuma a bisa kayan. An ƙera ta ta ɗauki kusan tan guda, mu kuwa abin da muka ɗora mata Allah kaɗai ya sani.

Aikin da ta yi a da ma yana nan bai ƙare ba. Kasuwan Magani tana cikin ƙaramar hukumar Kajuru, a kan hanyar da ta tashi daga Kaduna ta wuce matatar mai da Maraban Rido da Kujama, ta miƙe Kufana da Idon har Kachia, daga can a karkata Zonkwa da Kafanchan. Ran Alhamis kasuwa ke ci. Masara, dawa, waken suya, doya, duk sai an kwaso su daga ƙauyuka a kan hanyoyin da babbar mota ba ta shiga, ga kuma citta daga wajen Kachia, ko da yake cutar da ta faɗa wa citta a 2023 ta durƙusar da manoma da yawa. Saboda haka da ɗan'uwanmu ya ce yana tunanin in an gyara ta ƙanensa ya riƙa jigila da ita ranar kasuwa, ban ce masa mafarki yake ba.

To amma hoto ya gani, ba mota ba. Hausawa kuwa sun ce ba a cinikin biri a sama.

Abin da mutane ke tsoro a tsohuwar mota shi ne inji, alhali kuwa a 404 inji ne mai sauƙin sha'ani. Silinda huɗu ne, babu kwamfuta, babu wata na'ura da sai an kai birni. Bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki ma zare shi ake yi a sa sabo, ba sai an kai gangar injin an gurza ba. In kuma ya ƙi gyaruwa, da yawa daga cikin 404 da suka rage an daɗe da dasa musu injin 504. Wanda ya je dubawa ya sa sifana ya juya injin da hannu. In ya juya, da sauran rai. In ya cije, a ƙara lissafi. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba, in ya ga man ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Waɗannan duk kuɗi ke maganinsu, kuma ana iya sanin kuɗin tun kafin a fara.

Inda ba a sanin kuɗi shi ne tsatsa. Mu mazauna Ikko mun saba cewa motar Arewa ba ta tsatsa, domin muna gwada ta da tamu da iskar teku ke ci. Wannan gaskiya ne a Katsina ko Sakkwato. Kudancin Kaduna dabam ne, ruwa yakan fara tun Afrilu bai ɗauke ba sai Oktoba. Motar da ta shekara biyar a gindin mangwaro, ganye yana zuba a bayanta yana ruɓewa, ciyawa ta fito ta rufe ƙarƙashinta, ta sha danshin da ya ishe ta. Fenti yana iya yin kyau a hoto alhali ƙarfen da ke ɗauke da bodin ya zama kamar ƙosai. Sai mutum ya kwanta a ƙasa da sukundireba, ya tsokani inda sifirin ya kama, ya ɗaga tabarmar ƙafar direba, ya duba ƙarƙashin mazaunin batir. In ƙarfen ya huda a wurin sifirin, to ni dai a ganina magana ta ƙare. Mai walda zai ce zai iya, zai kuwa liƙa, amma wannan liƙi ne za a ɗora wa buhu goma da mutum shida a gangaren hanya. Sa'an nan ga ƙananan abubuwa da ba su da iyaka: ɓera ya ci waya, zanzaro ya yi gida a kafireto, tanki ya yi tsatsa ta ciki, robar birki ta bushe, lagireto ya toshe, tayoyi huɗu da safaya duk sababbi ake so.

Kayan gyara kuwa, na inji ana samu in an yi yawo, a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko nan Ladipo, ko Agodi Gate a Badun, ko Nkpor kusa da Anacha. Gilashin gaba, fitilun baya, mariƙin ƙofa, su ne ake yin wata da watanni ana cigiya, domin sai an yanka wata 404 kafin a samu, 'yan gwangwan kuwa sun kusa gama da su. Haka masu gyaran. Makanikin da ke sa kunne ya daidaita kafireto yanzu furfura ce a kansa, yaransa kuwa motocin zamani suka koya.

Na tambaye shi takardu, sai ya yi shiru, daga baya ya ce mai motar ya ce sun ƙone. Wannan ba abin mamaki ba ne a Kasuwan Magani. A rikicin da aka yi a garin sau biyu cikin 2018, a Fabrairu da Oktoba, an yi asarar rayuka, gidaje da shaguna masu yawa sun ƙone, har sai da aka sake gina kasuwar daga baya. Mutane da yawa na kowane ɓangare sun rasa takardun gida da na mota. Saboda haka ba na zargin kowa. Amma motar da ta ratsa hannu huɗu ko biyar ba takarda, tilas a yi mata aiki tun kafin a biya: rahoton 'yan sanda, rantsuwa a kotu, takardar ciniki da shaidu a gaban mai unguwa, a kuma karanta lambar da ke jikin ƙarfen motar da ta inji a rubuta. In ba haka ba, ranar da ta fito fes da sabon fenti, ranar wani magaji zai tuna ubansa bai gama karɓar kuɗinsa ba.

Duk wannan bai kai nisa nauyi ba. Tsakanin Mile 12 da gindin mangwaron nan ya fi kilomita 700 ko ta wace hanya aka bi. Wanda ke gyaran mota a unguwarsu yakan biya ta gareji da yamma, ya ga abin da aka kwance, ya riƙe tsohon kayan da aka cire a hannunsa. Wanda ke Ikko sai waya. Yau a ce fistin, ya aika. Jibi a ce ashe karanshaf ma, ya aika. Ba lalle ne wani ya ci amanarsa ba. Ƙanen nasa yana da gonarsa da iyalinsa, makaniki kuwa motar da mai ita ke tsaye a kansa ita yake fara taɓawa, ta mutumin Ikko a tura ta bayan gareji har kaji su fara ƙwai a ciki. Na ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan irin wannan, ba don kuɗin sun yi yawa ba, sai don kalmar nan ta "ina aka kai waɗanda na aiko?" Yaya ba ya son faɗinta, ƙane ba ya son jinta.

Wani zai ce a ɗoro ta a bayan tirelar da ke kawo kaya a gyara ta nan. Kuɗin ɗaukowa kaɗai yana iya kamo kuɗin motar. A ina za a ajiye ta, mutumin da shi kansa ɗaki ɗaya suke haya su huɗu? In an gama kuma sai ta bi ta wurin binciken lafiyar mota na Jihar Legas, inda na'ura ke gwada birki da hayaƙi, ba ido ba. Aikinta ma ba nan yake ba.

Ga batun mai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, farashin gwamnati na lita bai kai Naira 200 ba. Cikin 2024 ta haura Naira 1,000. Motar kafireto mai shekara kusan hamsin ba ta san an yi wannan canji ba, yadda take sha a da haka za ta sha. Masu Keke Napep da ƙananan motocin kaya na zamani su ne abokan takararta ranar Alhamis. Kuma hanyar Kaduna zuwa Kachia ta sha fama da masu satar mutane a shekarun baya. Ba wanda zai so ƙanensa ya tsaya yana hura fulogi tsakanin Kufana da Idon da almuru.

Da muka kai nan sai ya ce, "Malam, watau in haƙura ke nan." Na ce ban ce ba tukuna. Na ce ya gaya mini gaskiya, sana'a yake nema ko mahaifinsa. In sana'a ce, wannan ba ita ce motar ba, kuɗin da zai kashe kafin ta ɗauki buhun farko ya isa ya sami wadda ke tafiya da ƙafarta yau. In kuwa don ta mahaifinsa ce, to tsohon doki sai mai shi, kuma ban ga laifin mutum ya sayi abu don zuciyarsa ba, in dai ya san abin da ya saya ke nan, bai yi wa kansa lissafin riba ba. Sai dai ba da kuɗin rufin ɗakin gyatuma ba. Akwai kuma hanya ta uku da ba a cika tunawa da ita ba: saye dabam, gyara dabam. Yana iya biyan abin da ya ɗara tayin 'yan gwangwan kaɗan, a ja ta zuwa gidansu, a ɗora ta a kan bulo, a yi mata rumfa, a zuba mai a silinda domin kada ta ƙara cijewa, a bar ta har ranar da zai koma gida da zama ko ya sami watanni biyu na kansa. Motar da ta jira shekara biyar a gindin mangwaro za ta iya jiran biyu a ƙarƙashin kwano.

Ko wannan ma sai ya je ya gani da idonsa, da makanikin da shi ya ɗauko daga Kaduna ya biya, ba wanda mai motar ya kawo ba. Kuɗin mota zuwa da dawowa da kwana huɗu ba ciniki, su ne mafi arha a cikin dukan abin da zai kashe.

Shekaranjiya na biya ta rumfarsa na tarar da yaronsa kaɗai. Ya ce maigida ya bi motar albasa da ta juya Arewa tun daren Talata, yana so ya riski kasuwar Alhamis. Ya ce bai ɗauki kuɗin adashin ba, ya bar su wurin uwar adashi. Abin da ya saya a bakin titi ya sa a jaka kafin ya hau, in ji yaron, tocila ce da sukundireba.