Daga fili zuwa talabijin: yadda Amokachi ya koma sharhin ƙwallo

Duk mai shiga gidan kallo, a Jalingo ne ko a Sabo ta Ibadan, ya san Daniel Amokachi. Haifaffen Kaduna ne, ya taso a Ranchers Bees, ya ɗaga kofin FA da Everton a 1995, ya ciyo zinaren Olamfik a 1996. Ciwon gwiwa ya durƙusar da shi tun bai kai shekara 30 ba. Ya taɓa aikin koci, daga baya aka riƙa ganinsa yana sharhi a SuperSport.

Suna kaɗai ba ya riƙe wannan kujera. Cikin 'yan mintunan hutun rabin lokaci, dole mai sharhi ya fayyace inda baya ta ɓalle da dalilin canjin koci. Don haka yaranmu masu atisaye a filin Jolly Nyame na Jalingo, kada ku saki karatu: ƙafa tana gajiya, ilimi ba ya gajiya.