Idan Gwiwa Ta Ƙi Miƙewa, Ba Aikin Mai Ɗori Ba Ne

Gwiwa ita ce jarin ɗan kasuwa a bakin iyaka. Daga Garu zuwa kasuwar Malanville, ko a tsallaka kogin Kwara zuwa Gaya, wuni ake yi ana hawa da sauka da buhunan shinkafa da albasa. To amma akwai masu wata lalura da jijiyar gwiwarsu kan tsinke ba tare da wata faɗuwa ta a zo a gani ba. Saukowa daga kwalekwale kawai ta isa.

Likitoci na kiran lalurar lupus. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi mai ita, ta taɓa gaɓoɓi da fata da ƙoda. Cikin mutum 10 masu ita kusan 9 mata ne, galibi masu shekarun haihuwa. Akan ga kasala, zubewar gashi, da ƙuraje a fuska bayan shan rana. A wajenmu sai a ce sanyi ne, wasu ma su ce sammu.

Cutar da kanta tana raunana jijiyar da ta riƙe ƙoƙon gwiwa, har takan tsinke a ƙafa biyu lokaci guda. Magungunan da ake ba mai ita, irin su prednisolone da deksa, suna ƙara cinye ƙarfin jijiyar idan aka daɗe ana sha. Deksan nan kuwa ita ce wadda ake tallarta a faranti, mata na saye don neman ƙiba. Ga kuma ciprofloxacin, wadda ake sha barkatai da sunan taifot. Tun shekarar 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi a kwalinta cewa tana iya tsinka jijiya, musamman ga wanda ya haura shekara 60 ko yake shan irin su deksa.

Alamar ba ta ɓuya. Mutum ya kasa miƙe ƙafarsa ko ɗaga ta, ƙoƙon ya haura sama, a taɓa ƙasansa a ji rami. Wannan ba targaɗe ba ne, kuma kara da tsumma ba sa haɗa jijiyar da ta rabu. Sai an ɗinke ta a ɗakin tiyata, cikin makonnin farko, kafin ta ƙanƙance. A fara da asibitin Malanville, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura Paraku.

Wanda likita ya ɗora a kan prednisolone kuma kada ya ji wannan ya daina sha rana ɗaya, don yankewa farat ɗaya tana iya kisa. Likita ne ke rage ta sannu a hankali.