Yadda Za Ka Gano Inda Jirgin Ruwan Da Ya Ɗauko Kayanka Yake

Ka yi odar kaya daga Chaina, kana Talata Mafara, kullum wakili na ce maka "suna kan ruwa"? Karɓi sunan jirgin ko lambarsa ta IMO. Saka ta a manhajar MarineTraffic ko VesselFinder, za ka ga inda yake da ranar da ake sa ran isowarsa Apapa.

Manyan jirage na ɗauke da na'urar AIS mai watsa bayanansu ta rediyo, tashoshin bakin teku su kama. Idan jirgi ya yi nisa cikin teku, sai ka ga kamar ya tsaya cik a taswira. Bai nutse ba, bayanan tauraron ɗan'adam ne sai an biya kuɗi. Duba lokacin da aka sabunta bayanin kafin ka kira wakilin da faɗa.