T1, Z2, DNF: Yaren da mai son tiriyatlon ke koyo kafin ya shiga ruwa

A ce matashi ɗan Maraɗi da ke karatu a Liyon ko Montreyal ya yi rajista a kulob ɗin tiriyatlon na unguwarsu. Ya iya iyo, ya iya keke, gudu kuma ba baƙonsa ba ne. Daren Juma'a sai mai horarwa ya turo saƙo a WhatsApp: "Gobe brick: 90' Z2, T2, 20' RPE 6." Babu gaisuwa, babu ƙarin bayani. Sauran ƴan kulob duk sun ɗaga babban yatsa, shi kuwa yana ta juya waya.

Abin da saƙon ke cewa bai taka kara ya karya ba: a tuƙa keke minti 90 cikin natsuwa, a sauka a sauya takalmi da sauri, a yi gudun minti 20 da matsakaicin ƙarfi. Amma wanda bai san yaren ba yana iya kwana da zaton za a duba birkin kekensa ne, tunda kalmar ta yi kama da birki a kunnen Bahaushe. A Turanci ma'anarta tubali, kuma sunan atisayen da ake ɗora wasa kan wasa ba hutu. Wasu na cewa sunan ya fito daga yadda ake jera tubali ɗaya bisa ɗaya, wasu kuma na cewa daga nauyin da ƙafafu ke yi ne idan an sauko daga keke aka fara gudu. Wanda ya taɓa gwadawa ya fi yarda da magana ta biyu.

Tiriyatlon, wanda Faransanci da Turanci ke rubutawa triathlon, tsere ne da ya haɗa iyo da keke da gudu a jere, agogo bai tsayawa. An yi irin na zamani karon farko ranar 25 ga Satumba 1974 a San Diyego ta Amurka, da mutum 46. An kafa hukumarsa ta duniya a Abinyon ta Faransa a 1989, ya shiga gasar Olympics a Sidni a shekarar 2000. Da yake a Amurka ya girma, yawancin kalmominsa na Turanci ne, ko a kulob ɗin da ake magana da Faransanci.

Lambobin da suka zama suna

Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne jin mutum ya ce zai yi "70.3". Ba lokaci ba ne, ba kuɗi ba ne. Nisa ne da ma'aunin mil na Amurkawa, kuma yana da tarihi.

Ranar 18 ga Fabrairu 1978, wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy suka shirya tsere a tsibirin Owahu na Hawai. Sun haɗa gasa uku da ake yi can daban-daban: iyo mil 2.4, keke mil 112 da gudun fanfalaki mil 26.2. Mutum 15 suka tashi, 12 suka ƙarasa, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46 da ƴan daƙiƙu. Tseren nan shi ne Ironman. Idan aka tara lambobin uku za a samu 140.6, wato kilomita 226, kusan tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram. Rabinsa shi ne 70.3, kilomita 113: iyo 1.9, keke 90, gudu 21.1.

Ironman sunan kamfani ne mai rajista, don haka ba kowane tsere mai wannan nisa ke da ikon ɗaukar sunan ba. Faransawa sun bi wata hanya, suna kiran nisa da haruffan da ake gani a wuyan riga: XS, S, M, L har XXL. S shi ne iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu 5. M ya ninka shi, 1.5 da 40 da 10, kuma shi ne nisan Olympics. Wanda ya danna L a takardar rajista don shi ne girman rigarsa zai gane kurensa tun bai fita daga ruwa ba.

Kalmomin da ke jawo kati

Wasu kalmomin ado ne, mutum na iya shekara bai san su ba kuma bai rasa komai ba. Waɗanda suka shafi doka ba haka suke ba.

T1 shi ne sauyi daga ruwa zuwa keke, T2 daga keke zuwa gudu. Ana yin su a wani fili da aka killace, inda kowa ke da wurin rataye kekensa, kuma lokacin da aka ɓata can yana cikin lissafi. Shi ya sa ƴan wasa ke kiran sauyin wasa na huɗu. Dokarsa mai tsauri ce: sai an sa hular kwano an ɗaure igiyarta kafin a ciro keke, ba a hawa sai an ƙetare layin hawa, dole a sauka kafin layin sauka, kuma ba a kwance hular sai keke ya koma marataya. Ƙwararru na gama duka cikin ƙasa da minti ɗaya, suna barin takalmin keke maƙale a feda su zura ƙafa suna tafiya. Sabon shiga kan tsaya neman inda ya aje kekensa cikin ɗaruruwa.

Kalmar da ta fi haddasa rigima ita ce "drafting", wato laɓewa bayan wani mai keke don ya kare maka iska. Duk ɗan kabu-kabun da ya taɓa bin bayan babbar mota a kan titi ya san yadda iska ke sauƙi a wurin. A keke ribar tana da yawa, tana iya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da mutum zai kashe. A Olympics an halatta, shi ya sa ake ganin ƴan wasa a dunƙule kamar garke. A Ironman da yawancin tseren masu sha'awa haramun ne: a Ironman masu sha'awa na barin tazarar mita 12 tsakanin keke da keke, kuma alƙali na bin hanya a kan babur. Wanda ya kama sai ya nuna masa shuɗin kati, ya je tantin horo ya tsaya wasu mintoci yana kallon waɗanda ya wuce suna wuce shi. Wanda ya ƙi tsayawa, DSQ ke jiransa a takardar sakamako, ma'ana an kore shi. Matsalar ita ce matasa da yawa a talabijin suka fara ganin wasan, lokacin Olympics, sai su ɗauka abin da suka gani shi ne dokar ko'ina.

Har rigar roba ta iyo tana da ƙa'ida. Tana ɗumama jiki, tana kuma ɗaga mutum saman ruwa, don haka ma'aunin zafin ruwa ne ke yanke hukunci da safiyar tsere. A Ironman, idan ruwa ya wuce digiri 24.5, mai neman matsayi a rukunin shekarunsa, wanda ake taƙaitawa AG, ba ya sa ta. Wanda ya dogara da rigar don kada ya nutse, ranar ce zai san ko ya iya iyo.

Lambobin jiki ba a aronsu

Kashi na biyu na yaren ya shafi ma'aunin wahala, kuma nan ne sabon shiga ke cutar da kansa ba tare da alƙali ya gani ba.

FTP shi ne ƙarfin da mutum zai iya riƙewa a keke na kusan awa ɗaya, ana auna shi da wat kamar ƙwan lantarki. Masanin motsa jiki Andrew Coggan da mai horarwa Hunter Allen ne suka yaɗa shi. Hanyar gwajin da aka fi sani ita ce a tuƙa iya ƙarfi na minti 20, a ɗauki kashi 95 cikin 100 na sakamakon. CSS takwaransa ne a ruwa, ana fitar da shi daga lokacin da mutum ya yi a mita 400 da mita 200. Kulob na Faransa zai ƙara da VMA, saurin gudun da jiki ke kaiwa ƙarshen iskar da zai iya amfani da ita. Daga waɗannan lambobi ake yanka matakan wahala, Z1, Z2 zuwa sama.

Z2 ya fi kowanne suna a ƴan shekarun nan. A tsarin matakai biyar da agogunan Garmin da Polar ke nunawa, tafiya ce mai sauƙi wadda mutum zai iya hira yana yi. Sai dai tsarin ba ɗaya ba ne. Na Coggan matakai bakwai ne. Masu bincike kuma sukan yi aiki da matakai uku, inda mataki na biyu ke nufin wahala ta gaske, wadda ba a iya doguwar magana cikinta. Mutum biyu na iya cewa Z2, ɗaya yana nufin yawo, ɗaya yana nufin gumi. Tambayar da ta kamata a yi wa mai horarwa tun ranar farko ita ce da wane tsari yake aiki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwafar lambar wani. Ana ganin abokin kulob ya saka a Strava cewa bugun zuciyarsa 140 a Z2, sai a ɗauka kowa haka ne. Bugun zuciya ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma lissafin nan da aka saba, a cire shekaru daga 220, ƙiyasi ne da kan kauce da bugu goma ko fiye. Zafi ma yana ɗaga bugun. Wanda ya auna kansa a sanyin Liyon ya zo hutu Tawa a watan Afrilu, idan ya nace sai ya yi saurin da ya saba, jikinsa zai biya kuɗin.

Abin da ke da daɗi shi ne ma'aunin da ya fi araha bai buƙatar na'ura. RPE yana nufin yadda mutum ke jin wahalar a jikinsa. Wani masani ɗan Suwidin, Gunnar Borg, ya tsara shi daga 6 zuwa 20, yau kuma an fi amfani da na 1 zuwa 10. Na'urar auna wat tana cin kuɗin da ya fi na wani keken, kuma kamfanoni na son a ɗauka ba a shiga wasan sai da ita. Haller da abokansa sun gama kilomita 226 a 1978 babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya.

Masu Faransanci suna da nasu tarkon. CAP a jadawalin atisaye ba takardar shaidar koyon sana'a ba ce, gudu ake nufi. PB kuma, wanda matasa suka saba rubutawa a saƙo idan akwai matsala, a nan albishir ne: mutum ya karya lokacinsa mafi kyau.

Haruffa uku da kowa ke gudu

"Bonk" na nufin ƙarewar mai. Jiki na ajiye sukari a tsoka da hanta wanda zai ɗauki mutum kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi. Idan ya ƙare, ƙafafu su mutu, kai ya yi jiri, mutum ya kasa lissafin kilomita nawa suka rage. Faransawa na ce masa "fringale". Maganinsa ci tun ba a ji yunwa ba, kuma dabino na yin aikin da ƴan ƙunshin zaƙi masu tsada ke yi. Shan ruwa zalla fiye da kima shi ma haɗari ne a dogon tsere, don yana tsarma gishirin jini har ya kai mutum asibiti.

A ƙarshen takardar sakamako ake samun DNS, wanda ya yi rajista bai tashi ba, da DNF, wanda ya tashi bai ƙarasa ba. Al'adar wasan ta mayar da DNF abin kunya, kuma tarihinsa ne ya jawo haka. A Fabrairun 1982, a Kona, wata ɗaliba mai suna Julie Moss tana kan gaba jikinta ya ƙi, ta faɗi, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe. Talabijin ta nuna wa Amurka, kuma hoton ya jawo dubban mutane cikin wasan.

An sake ganin irinsa a Satumban 2016 a Kozumel ta Meziko. Ɗan Birtaniya Jonny Brownlee yana gaba, saura ƴan ɗaruruwan mita, zafi ya buge shi ya fara tangaɗi kamar mai maye. Wansa Alistair ya iso, ya rataya hannun ƙanen a kafaɗarsa ya ja shi har layi, ya tura shi ya ƙetare a matsayi na biyu. Henri Schoeman na Afirka ta Kudu, wanda wata guda kafin nan ya ci tagulla a Riyo, shi ya wuce su ya lashe tseren. Duniya ta yaba wa zumuncin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Jonny daga layin hannun likitoci ya faɗa, kuma a tseren ƙwararru ne inda suke tsaye suna jira. Mai sha'awa da ya ji jiri da ruɗewa a kan hanyar da babu kowa ba shi da wannan gata, kuma masu horarwa na kirki suna gaya wa ɗalibansu cewa a irin wannan hali tsayawa ake yi.

Daga baya hukumar duniya ta gyara dokarta, ta hana ɗan wasa ya ja ko ya tura wani zuwa gaba. Da a yau aka yi abin Kozumel, haruffan da za a rubuta gaban sunan ƴan'uwan biyu su ne DSQ.