Abin da Allurar Gudun Mota Ba Ta Faɗa



A watan Agustan 2009, a birnin Berlin na Jamus, Usain Bolt ɗan Jamaika ya gama tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.58. Bayan kwana huɗu ya sake kafa tarihi a na mita 200, cikin daƙiƙa 19.19. In aka raba nisan da lokacin, duka biyun za su ba da kusan mita 10.4 a kowace daƙiƙa. Saurin dai kusan ɗaya ne.

To, amma malamin fiziks ba zai tsaya nan ba, sai ya tambaya: ina ya dosa? Tseren mita 100 miƙaƙƙe ne sambal. Na mita 200 kuwa a kwana ake fara shi, kusan rabinsa lanƙwasa ce. Da za a ja igiya daga inda Bolt ya tashi zuwa inda ya ƙare, ko kusa ba za ta kai mita 200 ba. Wannan igiyar ake rabawa da lokaci a sami belositi, wato sauri haɗe da alƙibla. Shi sauri babu ruwansa da gabas ko yamma, duk taku lissafi ne a wurinsa. Belositi kuwa tazarar da aka yi daga mafari yake dubawa, da kuma ɓangaren da aka nufa.

Shi ya sa mai ninƙaya da ya yi mita 1,500 a tafkin gasa mai tsawon mita 50, ya je ya dawo har sau 15, yake ƙarewa a bangon da ya fara. Ya gaji tiɓis, amma matsakaicin belositinsa sifiri ne. Babu tausayi a lissafin, gaskiya.

Kada a ɗauka gardamar 'yan boko ce kawai. Ku tuna lokacin da direba ya shiga shataletale. Allura tana kan 30, ba ta motsa ba, amma sai ka ji kafaɗarka ta danne ta maƙwabcinka, har ka ce masa, "Yi haƙuri, Malam." Saurin bai canza ba, alƙiblar ce ke juyawa, jikinka kuma yana son wucewa kai tsaye. Tun 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa belositi ba ya canzawa sai da wani ƙarfi, ko da juyawa ce kaɗai. A shataletale, riƙon da taya ta yi wa kwalta ne ƙarfin. In taya ta suɗe ko ruwa ya jiƙa hanya, nan mota ke ƙwacewa.

Haka abin yake a can sama. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana kewaya duniya cikin kimanin minti 90. Saurinta kusan a tsaye yake, amma belositinta bai taɓa zama ɗaya na daƙiƙa biyu a jere ba, domin jan da ƙasa ke yi mata yana lanƙwasa hanyarta ba dare ba rana.