Yadda Maƙwabtanmu Kirista Su Ke Renon 'Ya'yansu A Doha

A taronmu na watan jiya wani dattijo, wanda bai daɗe da zuwa daga Kumasi ba, ya yi wata tambaya har jama'a suka yi dariya. Ya ce ran Jumma'a da sassafe ya ga maƙwabcin ɗansa, wanda aka ce masa Kirista ne, ya fito da matarsa da yara uku, kowa ya ci ado sai ka ce za su Idi, har ya yi zaton ko mutumin ya musulunta ne ba a gaya masa ba. Muka ce, "A'a, Baba, coci za su." Ya riƙe baki, ya ce, "Coci ran Jumma'a?"

Da muka koma gida muka yi tunani, sai muka ga ashe ba abin dariya ba ne. Mutanen nan bene ɗaya mu ke hawa da su, kasuwa ɗaya mu ke ci, waɗansunsu ma Hausa ɗaya mu ke ji da su, mutanen Zariya ne da Jos da Bauci da arewacin Gana, amma da yawa daga cikinmu ba su san yadda su ke zaune da iyalinsu a garin nan ba. Zango kuwa tun asalinsa masaukin baƙi ne, kuma ba a san mai masauki da jahiltar halin wanda ke kwana kusa da shi ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka gani da ido, da wanda muka ji daga bakin masu abin.

Amsar Baba mai sauƙi ce. A Katar ranakun hutu Jumma'a ne da Asabar, Lahadi kuwa ita ce farkon mako, uba na wurin aiki, yaro na makaranta. Masu gadi da leburori da direbobi ma galibinsu rana ɗaya tak su ke samu. Don haka babbar sujadarsu ta koma Jumma'a, ko da ya ke a kan yi wata ran Lahadi da maraice domin wanda ya sami hali. Karatun yara da a gida su ke kira makarantar Lahadi, a nan ran Jumma'a a ke yinsa. Wani maƙwabcinmu, mutumin wajen Zariya, ya ba mu labari cewa da ya kai 'yarsa gida hutu, yarinyar ta tambayi kakarta don me mutanen garin ke zuwa coci ranar makaranta. Kakar nan kuwa sunanta Ladi.

Wurin da su ke zuwa fili ne guda a Musaimir, kudu maso yamma da tsakiyar Doha, wanda Sarki Hamad bin Khalifa Al Thani ya bayar a zamanin mulkinsa. Kafin nan a gidaje su ke taruwa, ko a ɗakunan taron makarantu. Cikin watan Maris na 2008 aka buɗe cocin Katolika, mai ɗaukar mutum fiye da 2,000, shi ne na fari da aka gina a ƙasar a wannan zamani. Cikin 2009 mutanen Indiya suka buɗe nasu, cikin 2013 kuma na Angalika, inda ƙananan ƙungiyoyi da yawa, har da na mutanen Afirka, su kan karɓi ɗaki bi da bi, wannan na fita wannan na shiga. Kibɗawan Masar su ma suna da nasu a cikin filin. Daga waje ba ka ganin gicciye, ba hasumiya, ba a kuma kaɗa ƙararrawa. Akwai masu tsaro a bakin ƙofa. Mu iyakarmu bakin ƙofar nan, wani lokaci in mun rage wa maƙwabci hanya, amma ko daga nan kunne ya kan ji Turanci, da Larabci, da harsunan Indiya da na Filifin, duk a cakuɗe.

Kada mai karatu ya ɗauka jiya addinin ya taka wannan gaɓar teku. Littattafan tarihi sun nuna akwai Kirista a wannan yanki tun kafin zuwan Musulunci, har cikin ƙarni na 7 aka haifi wani malaminsu mai suna Ishaƙu, wanda ya yi suna a Ninaba, a na kuwa karanta rubutunsa har yau. To, wannan ratse ne, mu koma kan yara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu, mu da sana'armu koyar da yara ce, shi ne wannan. A Jos ko a Kumasi, ɗan Kirista ba daga bakin ubansa kaɗai ya ke koyon addininsa ba. Gari ne duka ke koya masa. Ƙararrawa ce ta ke tashe shi, kakarsa na rera waƙa tana shara, ya ga matan Zumunta sun wuce da zanensu iri ɗaya suna buga tulu, a makaranta a buɗe da addu'a, in ya yi rashin kunya a hanya dattijon coci ya ja kunnensa tun labari bai kai gida ba. A Doha babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yaron ke ji sau biyar kowace rana kiran salla ne. Makarantarsa ta kuɗi ce, a na koya masa tarihin Katar, in lokacin darasin addinin Musulunci ya yi, wanda a ke yi wa 'ya'yan Musulmi, shi sai a ba shi wani abin. Dokar ƙasa kuma ta hana kiran mutane zuwa wani addini ban da Musulunci, saboda haka ba mai wa'azi a bakin kasuwa, ba mai raba takarda. Watau kaya duka ya sauka a kan mutum biyu, uwa da uba, da sa'a biyu ko uku na ran Jumma'a.

Kowane malami ya san abin da ke samun karatun da a ke yi sau ɗaya a mako. Ka biya wa yaro yau, in ba wanda ya sa shi tilawa a gida, mako mai zuwa allon nan sabo ne fil a wurinsa. Maƙwabcin nan namu ya gane haka. Makarantun garin nan da wuri su ke shiga, wajen ƙarfe 7, don haka tun ƙarfe 5 mu kan ji motsinsu ta bango. Kafin motar makaranta ta iso sai sun taru sun yi addu'a a tsaye, yara da jaka a baya. Da dare, bayan tuwo, ya kan karanta musu wani yanki na Littafi Mai Tsarki, sa'an nan kowane yaro ya kawo ayar da aka ba shi ya haddace a wannan mako. Ƙaramin, wanda bai kai shekara huɗu ba, iyakarsa amin, ya kan kuwa faɗe ta da ƙarfi tun ba a gama ba, don a sallame shi. Matar mai jinya ce a asibiti, wani mako da dare ta ke aiki, sai uban ya zama shi ne mai wanka, shi ne mai dafuwa, shi ne fasto. Ya ce mana ba kullum a ke dacewa ba. Wata rana gajiya ta kan kayar da shi a kan kujera da littafin a hannu, sai yara su lallaɓa su kunna talabijin. Ba mu ga laifinsa ba, mu ma an sha kama mu da gyangyaɗi a gaban almajirai.

Ga kuma zafi. Daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, hukuma da kanta ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, balle a ce yaro ya fita wasa. Wata uku da rabi yara na kulle a ɗaki biyu, ba dandali, ba gidan gwaggo, sai waya da talabijin. Iyaye sun ce wannan ne lokacin da ya fi ba su wuya. Sai sanyi ya shigo su ke samun sarari, bayan an tashi daga coci gida uku ko huɗu su haɗa abinci su tafi lambun Aspire ko na Bidda, yara su yi ta guje-guje. Waɗannan gidajen su ne suka zama musu dangi. Su a ke kira kawu da inna, su ne kuma ke tsayawa ranar suna ko baftisma.

Amma fa duk wannan labarin masu hali ne, kada mu manta. Ba kowa ke iya ajiye iyali a Doha ba. Bisa ga ƙa'idar da Ma'aikatar Cikin Gida ta bayyana cikin 2023, ma'aikacin kamfani sai albashinsa ya kai riyal 10,000 a wata, ko 6,000 in kamfani ya ba shi gidan iyali, kana ya ɗauko mata da 'ya'ya. Mafi ƙanƙantar albashi kuwa, wanda aka fara aiki da shi cikin Maris na 2021, riyal 1,000 ne, da 500 na wurin kwana da 300 na abinci in mai aiki bai bayar ba. Mai ciniki ba ya bukatar a buga masa lissafin tazarar da ke tsakani. Saboda haka da yawa daga cikin masu cika motocin nan ran Jumma'a, 'ya'yansu na can bayan teku. Mun san wani mai gadi, mutumin Gana, wanda ta waya ya ke addu'ar dare da 'ya'yansa. Doha na gaba da Gana da sa'a uku, da Nijeriya sa'a biyu, watau sa'ad da yaransa ke shirin kwanciya ƙarfe 8, shi ƙarfe 11 ne a wurinsa, ga aiki da asuba. Akwai kuma mata masu aikin gida, suna goyon 'ya'yan wasu, nasu na hannun kaka. Wannan ciwo dai ba sai an kwatanta wa mutanen zango shi ba, rabin masu karanta takardar nan da shi su ke kwana.

In azumi ya zo, yaran Kirista su ma su kan koyi ladabinsa. A na gaya musu ba a cin abinci a fili da rana, ba a shan ruwa a hanya. Daren 14 ga watan kuwa, da yaran Katar ke yawon Garangawo, suna bin gida gida da jaka a wuya a na zuba musu alewa da gyaɗa, kamar dai yadda yaran Kano ke tashe, yaran maƙwabtanmu ba a barinsu a baya. Kirsimeti kuwa ba ranar hutu ba ce a nan. In ta faɗo tsakiyar mako sai uba ya nemi izini, ko a jira dare. Da Babbar Salla mu kan aika musu da nama, su kuma da Kirsimeti sai ga kwanon shinkafa da cincin, yadda aka saba a Tudun Wada da Nima.

Sai dai akwai abin da ba za mu ɓoye wa dattawa ba. Kwanan baya wani almajirinmu, ɗan shekara takwas, ya haɗu da ɗan maƙwabcin nan a matakalar bene, ya jefe shi da kalmar nan da kowa ya sani, wadda ba za mu rubuta ba. Yaron ya shiga gida yana kuka. Uban bai zo da faɗa ba, sallama ya yi, ya ce, "Malam, ga abin da ya faru." Kunya ta rufe mu, domin yaro ba ya ƙago irin wannan kalma, a bakin manya ya tsince ta. Muka kira uban almajirin, muka tafi tare aka ba da haƙuri. Muka tuna masa cewa cikin Afrilu na 2019 Babban Limamin Gana, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana da shekara 100, ya taka da ƙafarsa zuwa cocin Katolika a birnin Accra ranar Ista don gaisuwa, ba kuwa wanda ya isa ya ce Shehu bai san addininsa ba. Mu nan gaba ɗaya baƙi ne, takardar zama iri ɗaya ce a aljihunmu da nasu.

Saura batun harshe, wanda shi ne maƙwabcin nan ya fi yawan kawo mana in muna shan shayi. Littafin da ya ke karantawa na Hausa ne, ya gaje shi daga mahaifinsa. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya da abokansa suka yi, kuma a Wusasa da wurare da yawa na Arewa da Hausa a ke sujada har yau. Shi da matarsa da Hausa su ke addu'a. Yaran suna ji, amma da Turanci su ke amsawa, domin Turanci ne a makaranta, Turanci ne a coci, Turanci ne a talabijin. Babban yaron ya kan karanta Hausa yana tuntuɓe, ɓ da ɗ da ƙ duk sun gagare shi. Muka ce masa ya kwantar da hankalinsa, a makarantarmu ma akwai yaran da in muka rubuta ajami a allo sai su yi ta kallo, suna ganin haruffan Larabci amma ba su san maganar gidansu ce ba.

Haihuwa a Katar ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, zaman iyali kuwa a rataye ya ke da aikin uba. Ran da aiki ya ƙare, sai ɗaure kaya. Shi ya sa ya ke ganin gara ya aika da babban yaron gida wurin kakarsa in ya gama firamare, ya san danginsa, ya ji ƙararrawa ran Lahadi, harshensa ya miƙe. Matar kuwa ta ce ba don a raba ta da ɗanta ta ke kwana tsaye a asibiti ba, kuma tsohuwa ba ta da sauran ƙarfin bin yaro ɗan shekara goma sha biyu. Yaron na aji biyar yanzu. Da muka tambaye shi a makon jiya, ya ce har yanzu ba su yanke ba.